Rasuwar Rula Mai Zamiya ta Malamin Gona na Kiru

Da zuciya cike da baƙin ciki, wadda har yanzu ba ta saduda ba, ni Balarabe Ɗanmaraya, malamin gona na ƙasar Kiru, nake sanar da rasuwar rulata ta lissafi, mai harshe a tsakiya da ke zamewa. Ta cika ranar Laraba, sha uku ga Yuni, 1956, bayan shekara goma sha ɗaya a aljihun rigata.

Marigayiya ba ta da hayaniya. Iyakar maganarta "sirrr" in an ja harshen, sai "ƙas" in ya zauna. Kuma ba ta ɗaukar sifiri, komai girman lamba. In aka kawo ƙwayar takin zamani miliyan huɗu da dubu ɗari takwas, a raba wa manoma dubu da ɗari shida, sai in ba ta huɗu da ɗigo takwas bisa ɗaya da ɗigo shida, ta ce uku. Ni kuma in riƙe gomomi a gefe, hawa shida a cire hawa uku, saura uku. Kowane manomi ƙwaya dubu uku. Kafin dagaci ya gama tauna goro an tashi.

Ina so in wanke ta a gaban jama'a. Shekarar da na ce wa mutanen Bebeji kowa zai samu ƙwaya talatin, har dattijo guda ya zo da murfin kwalba don karɓar rabonsa, na ɗora mata laifi. Ƙarya na yi. Uku ta ce, ni na zubar da gomomi biyu a hanya.

Ciwon ajalinta ya fara da ruwan farko. Katakon ya kumbura, harshen ya ƙi motsi. Maƙwabcina Baffa Hamman ya ce duk gaɓar da ta sage man shanu take so, ya aiko da ƙoƙo guda. Na shafe ta, na kwantar a ɗakin ajiyar iri. Ɓeraye suka cinye lambobinta daga biyu har bakwai. Ban riƙe Baffa a zuciya ba, shi ma ya zo gaisuwa.

Ta bar kubenta na fata, da ɗan gilashinta mai jan layi wanda ya ji rauni, da ni. A cikinmu ni na fi shiga uku. Tun zuwanta ban sake rabawa da hannu ba, na manta ta inda ake farawa, manoma kuwa sun ɗauka duk daga kaina yake fitowa. Ranar Litinin ake rabon takin Doguwa, mutum dubu biyu da ɗari bakwai da arba'in, ga shuka ba ta jira.

Za a rufe ta gobe bayan la'asar, a gindin ɗorawar da ke bayan ofis. Maiɗakina Maijidda za ta dama kunu. Zaman makoki kwana uku ne, ya ƙare Lahadi. Duk wanda ya iya doguwar rabawa, ya zo gaisuwa da fensirinsa, ya shigo ta ƙofar baya.