Ɗan Dako a Kan Dutsen Basunda

Wani ne ɗan dako a kasuwar hatsi ta Gadarif. Aikinsa kenan ya goya buhun dawa, ya hau tulin buhuna har ƙoli, ya karkata kafaɗa ya yar, ya ce, "Halas," wato an gama. Bakinsa kuwa ya fi bayansa ƙarfi. Kullum a wurin mai shayi cewa yake duk Sudan babu tsayin da zai ba shi tsoro.

Wata Juma'a maƙwabcinsa Eltayeb zai je hawan dutse wajen Basunda da abokansa, sai ya ce, "Taho mu ga aikin bakin nan."

A gindin dutsen Eltayeb ya nuna masa wata jaka. "Hawa da hannu ne, amma sauka sai da igiyar da ke cikin nan."

Ɗan dako ya ce, "Ya zol, kai mutumina, igiya ai ta akuya ce."

Ko tsayin ɗaki bai hau ba ya tsaya cak. Ya rungume dutse yana salati.

Eltayeb ya ce, "Lafiya, jarumi?"

"Bayana ne babu kaya. Ni ban taɓa hawa haka siddan ba. Ku ɗora mini."

Suka ɗora masa jakunkunan duka, da ruwa da abinci da igiya. Ai kuwa mutumin naku ya miƙe, ya riƙa haurawa yana waƙar 'yan dako, ya bar su a baya suna haki.

Yana taka ƙoli, ga kwari shimfiɗe a ƙasa, gonakin riɗi har iyakar gani. Ko kallo bai yi ba. Ya karkata kafaɗa, ya ce, "Halas."

Suna isowa suka hango jakunkunan suna gangarawa cikin kwari. Rana ta take, babu inuwa, babu ko ɗigon ruwa.

Eltayeb ya dafe kai. "Igiyar tana ciki. Yanzu ta ina za mu sauka?"

Gogan ya zauna, ya miƙe ƙafa. "Sabur, ya ahi, haƙuri ɗan'uwa. Ni na san harkar nan. A kasuwa duk abin da aka ɗora sama, da ya yi daraja masu shi ke zuwa da kansu su sauke shi."

Eltayeb ya dube shi sama da ƙasa, ya ce, "To mu za a zo mana. Kai kam nan za ka tsufa."