Hajiya Ummuhani Na Neman Musye Kiliyan

Shagon Zaharaddini bai fi ɗakin ajiye gawayi girma ba. Yana cikin wani lungu da ya ɓalle daga Titin Koudoukou a unguwar Kilomita Biyar, an matse shi tsakanin tela da mai sayar da manja. Sana'arsa tsofaffin na'urorin wasa, waɗanda suka girme shi, da kuma wani irin kaset na zamani mai cin memori, wanda ake zuba wa wasanni ɗaruruwa a cusa shi a tsohuwar na'ura ta ɗauka. Irinsa ya sayar wa kakarsa, Hajiya Ummuhani, ranar Litinin.

Ita Hajiya shekara talatin ta yi tana sarin kwalayen sabulu da madara kafin gwiwa ta zaunar da ita. Tana da wata 'yar na'urar wasa ta hannu, ruwan toka, da marigayi mijinta Alhaji Ya'u ya kawo daga Duwala tun Zaharaddini bai zo duniya ba. Ko a shekarar gudu, da aka bar gida da komai, a gefen zani ta ƙulle ta. Wasa ɗaya tak ta sani, kuma kaset ɗinsa ya mutu a daminar bana. Sabon da jikan ya ba ta kuwa, kwana uku tana kunnawa, ba abin da take gani sai wani layin rubutu. Ranar Alhamis da hantsi ta hau moto, wato babur ɗin haya, daga unguwar Kokoro, ta sauka a bakin shagon tana haki.

"...lafiya lau, amarya. Bara ala. Ya gwiwar?" in ji Zaharaddini.

"Riƙe yarenka na Sango, ka gaishe ni da Hausa in kana da ita. Ni ba ma wurinka na zo ba. Ina maigidanka?"

"Wane maigida? Ni ne maigida a nan, ni ne maigida a ɗakinki."

"Ɗakin wa? Mijin da ko gawayi bai taɓa saya mini ba. Kira mini Musye Kiliyan."

Zaharaddini ya ajiye abin da yake kwancewa. "Wa?"

"Kiliyan. Sarbis Kiliyan. Mutumin kirki, mai ladabi. Ga sunansa a katin da ka ba ni, Rabi'atu maƙwabciyata ta karanta mini."

"Hajiya, sarbis kiliyan ba mutum ba ne."

"To aljani ne yake amsa mini? Jiya ma ya rubuto da Faransanci, ya ce madam ki yi haƙuri, ki kawo a duba. Madam fa! Kai tun da aka haife ka ka taɓa ce mini madam?"

"Ni na rubuta."

"Ƙarya kake. Kai da ba ka iya cewa sannu sai an dungure ka."

"Wallahi ni ne. Ma'anar kalmar, kula da mai saye. Ke ce kiliyan ɗin."

Hajiya ta dube shi ta saman tabarau. Kanta ya ɗaure. Ta zauna a kan bencin ba tare da an ce ta zauna ba.

"Ni ce Kiliyan?"

"Ke ce."

"To in ni ce, wa nake ta kai wa ƙararka kwana uku?"

"Mutum sittin da biyu."

"Ka fara zautuwa."

"Rukunin masu sayen kayana ne a Wasap, tsohuwa. Na saka ki ciki don in kin sami matsala ki tambaya. Duk muryar da kika aika, kowa ya ji. Kin ce kaset ɗina fanko ne. Kin ce na yi fitsarin kwance har na shekara tara."

"Takwas na ce."

"Tara kika ce, na saurara sau uku. Akwai wani malamin makaranta a unguwar Miskine da zai ɗauki kaset biyar wa ƙungiyar matasansu. Jiya ya ce a dakata tukuna, sai ya ga yadda aka ƙare da madam ɗin nan."

Hajiya ta san irin wahalar da yaron ya sha kafin ya buɗe ƙofar shagon nan. Amma ba ta yarda ya ga damuwa a fuskarta ba, sai ta zaro na'urar daga jaka ta dangwara masa.

"To ai gaskiya na faɗa. Kunna ka gani. Ka ce wasa ɗari huɗu ne a ciki. Na girgiza shi a kunnena, ko motsi babu."

"Gyaɗa ce da zai yi motsi?"

Ya kunna. Layin rubutun nan ya fito. Ya zare kaset ɗin, ya juya shi, ya leƙa wata 'yar kafa a samansa.

"Ina memorin?"

"Wane?"

"Ɗan ƙaramin baƙi, kamar farcen ɗan yatsa. A nan yake zama."

"Au, wannan? Ai kyauta ce Kiliyan ya saka mini."

"Babu Kiliyan!"

"Kada ka yi mini ihu, ban kurmance ba. Na gan shi ya leƙo, na danna, ya fito. Na ce Allah sarki, sun san ina da rediyo mai cin memori. Na kai wa Abdulsamad na bakin masallaci ya zuba mini karatu."

"Karatu."

"Izu sittin cif, da tafsiri biyu. Ya ce akwai tarkace a ciki, ya share. Ga shi can a rediyo, har da safen nan na saurara."

Zaharaddini ya dafe kai da hannu biyu. "Tarkacen nan su ne wasannin."

"A cikin farcen?"

"A cikinsa."

"To shi wannan ƙaton kaset ɗin na mene ne?"

"Gida ne. Memorin shi ne mai gidan."

"Kamar ni da kai ke nan. Ni ce ginin, kai ne ɗan baƙin abin da ake sharewa."

"Ke dai ki gode Allah ina son ki. Da wata ce da tuni na rubuta mata takarda."

"Da wace Hausar za ka rubuta? Kai da kake ce wa tukunya 'shi'."

Ya jawo aljihun tebur, ya ɗauko wani memorin, ya saka a kwamfuta. Hajiya ta miƙa wuya tana kallon wani koren layi yana tafiya a hankali.

"Me yake yi?"

"Wasannin ne suke shiga."

"Daga ina?"

"Daga kwamfuta."

"To in sun fita daga can ai kai ka rasa."

"Ba sa fita. Suna nan, suna can."

"Zaharaddini, na yi shekara talatin a sito. Kwali in ya shiga mota, ya bar sito. Kada ka raina mini hankali."

"Kamar karatun da Abdulsamad ya zuba miki ne. Nasa ya ƙare?"

Ta juya maganar a ranta. "Wannan ai maganar Allah ce, ba ta ƙarewa. Kada ka haɗa ta da shirmenka."

Da layin ya cika, ya mayar da memorin cikin kaset, ya kunna. Sunaye suka jeru a ɗan gilashin, ƙanana kamar tururuwa.

"Ga su nan. Da wannan maɓallin kike sauka, da wannan kike zaɓa. Yaya sunan wasan naki?"

"Wasan sito."

"Sunansa na gaskiya."

"Shi ne sunansa. Haka Alhaji yake kiransa."

"Babu wasan sito a duniya. Me aka rubuta a jikin tsohon kaset ɗin?"

"Takardar ta goge tun kana rarrafe. Kai ma ka taimaka, da yawu."

"To me ake yi a ciki?"

"Wani ɗan dako ne, guntu, mai hula. Yana tura kwalaye inda aka yi musu alama. Ba ya ja, sai turi. In ka kai kwali kusurwa, ka gama yawo."

Ya buɗe ɗaya. Wasu ƙattai biyu suka fito suna naushin juna.

"A'uzubillahi! Na ce maka ɗan dako, ka kawo mini 'yan daba."

Ya buɗe wani. Mota ce take gudu.

"Wannan direban ko moto ba zan ba shi ba."

Wani kuma, da wani. Ƙwallo, jirgin sama, wata dabba mai tsalle da Hajiya ta rantse gafiya ce, shi ya ce zomo. Kanta ya fara juyawa. Da can in ta kunna, ɗan dakonta ne yake fitowa ba tambaya. Yanzu an tara mata kasuwa guda a tafin hannu, kuma wanda ta zo nema ba ya ciki.

"Bar shi. Ba ni kayana in tafi. Ɗari huɗu, amma babu ɗaya."

Ya ɗago ya dube ta, ya rage murya. "Zauna, amarya. Yana da kiɗa?"

"Yana da shi."

"Yi mini."

"A tsakiyar kasuwa? Da girmana?"

"Kin gaya wa mutum sittin da biyu labarin katifata. Yi kiɗa."

Ta waiga ta ga tela ya duƙufa a kan kekensa. Ta rufe baki, ta rera ta hanci, a hankali. Zaharaddini ya saurara, ya ce ta sake. Sai ya gangara can ƙasan jerin, inda sunayen suka koma wani rubutu mai kama da karan tsintsiya, ya danna ɗaya. Kiɗan ya fito daga 'yar na'urar, siriri, daidai da nata. Ga ɗan dako da hularsa.

Hajiya ta fisge na'urar. Ta cire tabarau ta goge da bakin mayafi, ta mayar.

"Ya rame," in ji ta.

"Yadda kika bar shi yake. Yanzu saurara. Na mayar da shi na farko a jeri, kina kunnawa ki danna nan. Kada ki sake cire memorin. Ko ya leƙo, ko ya gaishe ki, ki bar shi."

"Na ji, malam."

"Saura gyaran sunana." Ya zaro wayarta daga jaka, ya miƙa mata. "Danna, ki yi magana."

Ta gyara murya. "Salamu alaikum, jama'ar Kiliyan. Ni ce madam. Kaset yana aiki, ni ce na kai cikinsa aka zuba karatu. Malamin Miskine, ka zo ka ɗauki naka. Kayan yaron nan lafiyarsu ƙalau, mai kayan ne dai sai addu'a. Maganar katifa kuma tana nan yadda na faɗa."

"Hajiya!"

"Muryar ta tafi. Ka ce abu in ya shiga ba ya fita."

"Ban ce haka ba."

"To me ka ce? Ni duk ka rikita ni."

Ya yi ƙwafa, ya leƙo gilashin. "Sai dai fa daga mataki na ɗaya za ki fara. Duk inda kika kai a da, ya tafi da tsohon kaset."

"Wa ya gaya maka? Kai ni wurin da ake saka haruffan buɗe mataki."

Ya kai ta. Hajiya ba ta taɓa zama a ajin boko ba, amma ta kafa babban yatsa tana zaɓar haruffan, tana faɗar kamanninsu a fili. "Ƙugiya. Tsani. Ƙwai. Ƙugiya."

Gilashin ya juya. Wani sito ya fito, cike da kwalaye da lunguna, a samansa an rubuta tamanin da bakwai.

Zaharaddini ya buɗe baki. "Ni ban taɓa wuce na goma sha biyu ba."

"Na sani, a fuskarka aka rubuta. Nan muka tsaya ni da Alhaji. Shi ya ce a fara da kwalin hagu, ni na ce na tsakiya. Har ya rasu, shekara goma sha ɗaya ke nan, ba mu shirya a kan maganar ba."

"Bari in duba miki a intanet, minti ɗaya an gama."

"In ka duba, na sake ka a gaban telan nan."

"Mace ba ta saki."

"Za a fara a kanka."

"To kawo. Wasan tura kwali ne zai gagare ni? Sana'ata ce fa."

Ta miƙa masa. Ya gyara zama, ya tura kwalin hagu sau ɗaya, sau biyu, a na uku kwalin ya shige kusurwa ya zauna daram. Ya danna nan, ya danna can, ɗan dako yana ta zagaye.

Hajiya ta fashe da dariya har tana riƙe gwiwa, tela ya tsayar da keke ya leƙo.

"Kusurwar! Wallahi kusurwar kakanka ce! A nan yake maƙalewa kullum, ya ce na'urar ce ta lalace."

"Ai kuwa maɓallin nan yana da ɗan tauri..."

"Haka yake cewa!"

Zaharaddini ya ajiye na'urar, shi ma dariyar ta kama shi. Ya miƙa hannu kan kanta ya ciro batura huɗu sababbi, ya zuba mata a tafin hannu.

"Na sallama, uwargida. Na tsakiya za a fara turawa."

"Ka makara da shekara goma sha ɗaya," in ji Hajiya, tana ƙulle baturan a gefen mayafi. "Tashi ka tsayar mini da moto."