Ranar da Uban Tsaro Ya Rasu

Duk masana'antar fentin nan babu mai ilimin Uban Tsaro. Kwas na kwana huɗu ya je, ya dawo da farar hular kwano da wata manhaja a kwamfuta, mai nuna inda guba za ta bi idan tankin sinadari ya fashe. Tun daga ranar bai huta ba, bawan Allah. Kafin azahar ya tarwatsa masana'antar sau shida.

Yakan tara ma'aikata a ɗakin cin abinci, ya danna maɓalli, jan gajimare ya bazu a allo.

"Kai direba, ka mutu. Mai walda, kai tun minti na biyu. Ni kuwa ga ni nan garau. Ilimi ke nan."

Manhajar takan tambayi inda iska ta nufa. Ofishinsa na gabas, don haka kullum yamma yake rubuta mata. Iska kuma ba ta taɓa yi masa musu ba, a cikin kwamfuta.

Sai mai masana'anta ya ce a yi atisaye da hayaƙi mai launi a gabansa. In ya yi kyau, kujerar mataimakin manaja ta Uban Tsaro ce. Har Uban Tsaro ya je ya auna labulen ofishin.

Ya kafa doka: duk wanda hayaƙi ya taɓa gawa ne, ya kwanta, ba motsi, ba magana.

Iya mai shara ta dafa tsintsiyarta. "Ɗana, da la'asar iskar nan gabas take yi. Shekara ashirin tana maido min shara ƙofarka."

"Iya, tsintsiya daban, kimiyya daban."

La'asar ta yi. Ya tura ma'aikata yamma su je su mutu, shi kuma ya hau benci a ƙofar ofishinsa, lasifika a hannu. Aka kunna gwangwanin hayaƙi. Hayaƙin ya miƙe, ya ɗan yi shawara, ya juya gabas kamar an aike shi. Farar hula ta koma ja.

"Ranka ya daɗe, ai a manhajar..."

"Kwanta," in ji mai masana'anta.

Direba da mai walda suka rugo da gadon ɗaukar marasa lafiya, suna salati, kafaɗunsu na rawa don dariya. Uban Tsaro ya sake buɗe baki, Iya ta ja masa mayafi har ka.

"Haba ɗana, gawa ba ta magana."

A rahoton ranar mutum ɗaya tak aka rasa. Shi aka sa ya rubuta.