Ranar da Na Zama Bakero

Na karanta cewa Sifaniyawa "vaquero" suke kiran makiyayi mai doki, daga "vaca", wato saniya. Tun daga nan nake ganin kaina bisa sirdi, da faffaɗar malfa, rana na faɗuwa bayana.

Na ari doki, na nufi rugar Baffa, wani makiyayi a bayan garin Mayahi. Na karantar da shi kalmar, sannan na yi sukuwa ina wulwula igiya. Shanu suka watse, suka nufi geron mutane, doki ya ajiye ni cikin ƙaya.

Baffa ko motsi bai yi ba. Ya kira shanun da sunayensu, suka dawo ɗaya bayan ɗaya.

Ya ce, "Malam, su can ba su san sunan shanunsu ba ne?"

Har yau in na ratsa kasuwa sai in ji, "Bakero, ina dokin?"