Yadda Na Gyara wa Bature Haruffa

Ana gab da komawa makaranta, marigayi hedimastanmu a Azare ya damƙa mini kwamfutocin malamai in goge, domin baƙi za su zo daga Bauchi. Na ce ya kwantar da hankalinsa. Na ɓalle maɓallan na wanke tas. Wajen mayarwa na lura Bature bai iya jera haruffa ba, sai na jera masa daga A zuwa Z, yadda nake koya wa 'yan aji ɗaya.

A gaban baƙi hedimasta ya danna sunansa, shirme ya fito. Kallona kawai ya yi.

Ko a ciwonsa na ƙarshe, da na je asibiti, na'urar gefen gadonsa ya nuna mini. "Malam Abacada, don Allah wannan kar ka gyara."