Ƙwayar da Kaka Ta Kama Ni Ina Haɗawa

"Lafiya lau, tsohuwa. Ina cajata?"

"Ko gaisuwar ba za ka ƙarasa ba, miji marar cefane?"

Har yanzu ban manta da yammacin nan ba. Satina na farko ke nan a wurin aiki, oga ya ba ni kwamfutar ofis in sabunta tsarin da ke tafiyar da ita, in sake gina shi daga tushen rubutunsa. In ta mutu lokacin da sabon ke maye gurbin tsohon, ba za ta ƙara tashi ba. Na kawo ta falon kakata don ita ce mai sola. Na ɗan fita, na dawo na tarar an zare caja, batir ya yi ja.

"Caja tana inda ba za ka gan ta ba," in ji Kaka. "Da kunnena na ji ka a waya kana cewa kana haɗa ƙwaya. A gidana? Da wutata?"

"Innalillahi! Ƙwayar tsarin nake nufi, zuciyarsa. Kamar ƙwayar gyaɗa a cikin ɓawo."

"Haka duk kuke cewa. Dubi idonka jawur."

"Kallon allo ne!"

"Hannunka fa da ke karkarwa?"

"Tsoron oga ne!"

"Af, har da oga. Ashe ƙungiya ce."

"Ke da kike haɗiyar fara da ja safe da yamma, ke za ki tuhume ni?"

"Tawa likita ya rubuta."

"Tawa ma rubuta ta aka yi. Ga rubutun nan yana wucewa, karanta."

"Shi ne abin da ban yarda da shi ba. Allo baƙi ƙirin, rubutu na gudu kamar ɓarawon da aka yi wa ihu. Kwamfutar mutanen kirki hoto take nunawa."

"Gini take yi, Kaka."

"Gini ba yashi ba siminti? Ramin ƙarya ƙurarre ne, yaro. Me ma ya sami tsohon da za a sake shi?"

"Ya tsufa, ya yi nauyi, ga mantuwa, ga yawan ƙorafi."

Ta ƙanƙance ido. "Da wa kake?"

"Da tsarin mana. Da ana yi wa mutane ai da tuni na kai ki."

"Kai da ka sha boko, ga ka nan kana roƙon igiya a wurin wadda ba ta shiga aji ba. Gaba da gabanta."

Sai kwamfutar ta yi ƙara, hasken allon ya dushe. Wasa ya fita daga bakina. Na durƙusa a gaban kujerarta.

"Kaka, don Allah. In ta mutu, aikina ya mutu. Ke kin san daɗewar da na yi ina nema."

Ta sunkuyo ta shinshina rigata. Sannan ta ɗan karkata, ta zaro cajar daga ƙarƙashinta. Ashe a kai take zaune tun ɗazu.

Na jona da hannu biyu. Haske ya dawo, rubutu ya ci gaba da gudu. Na zube a ƙasa.

Kaka ta fashe da dariya har da tari. "Na yarda, ɗan ƙwaya ba ya wannan tsoron. Amma in ta gama, ka sa ta gina min sabon miji daga tushe. Na yanzun nan matsoraci ne."