Ruwa Ya Ci 'Yar Albarka

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da takalman da har yau ba su gama zubar da yashi ba, Tela da iyalinsa suna sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabtan da suka daɗe suna jiran wannan labari, rasuwar motarsu, wadda shi yake kira 'Yar Albarka, sauran unguwa kuma suke kira Sai-an-Tura. Rai ya yi halinsa ne a bakin teku, nesa da gida, da rana tsaka, a kan idon iyalinta, bayan wata gajeruwar rashin lafiya da ta yi fama da ita tun ranar da aka saye ta.

Babu wanda ya san shekarun marigayiya. Da tsufanta ta shigo gidan, kuma ba ta taɓa yarda a yi mata wannan tambaya ba. Abin da aka tabbatar shi ne, ita ta ɗauki Uwargida zuwa asibiti ranar haihuwar Auta, ta kuma kai ta har rabin hanya.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri. Ba ta taɓa yin gaggawa ba, ba ta taɓa wuce kowa a hanya ba, ko mai keke ne sai ta ba shi girmansa. Tana da kunya, don ba ta tashi a gaban baƙi. Ba ta da rowa, duk inda ta kwana sai ta bar wa ƙasar wurin baƙin mai. Ba ta kuma san munafunci ba: in za ta fita, sai unguwa ta sani. Za a daɗe ana tuna gaisuwarta ta safe, ƙiƙiƙiƙi, tuf, tuf, gurrr, da hon ɗinta mai kama da kukan akuyar da mura ta kama. Rigunan kujerunta Tela ne ya ɗinka su da ragowar ƙyallayen shagonsa, shi ya sa mutane da yawa suka shiga cikinta suka tarar da kayan aurensu a ƙarƙashin mazaunansu. Ƙofar direba kuwa da zariyar wando ake ɗaure ta, kuma zariyar ba ta taɓa cin amana ba.

Aibinta ɗaya, in ma aibi ne, makulli a wurinta ado ne. Ba ta tashi sai da turi ko da gangare. Saboda haka Tela ya zama masanin tudu da kwari. Ba ya ajiye ta sai a inda ƙasa ta karkata, hancinta na kallon ƙasa, da dutse a gaban taya. Da gangare yake zaɓen wanzami, da gangare yake zaɓen mai shayi, akwai ma wani amininsa da zumuncinsu ya yi sanyi tunda ya koma unguwa mai shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Masu iya magana sun ce sabo turken wawa, amma Tela ya ce su masu iya maganar ba su taɓa tura mota su kaɗai ba.

Jama'a na ta tambaya a ɓoye: wane tsautsayi ya sa aka ɗauki tsohuwa irin wannan aka nufi teku da ita yawon buɗe ido, alhali babban ɗan gidan, Yaya mai kantin magani, yana da sabuwar mota mai sanyi? Iyalan sun ga ya dace a faɗi gaskiya. 'Ya'ya biyu Allah Ya ba Tela, Yaya da Auta, wadda take koyarwa a makaranta, kuma sun daɗe suna gaba. Mafarin abin a asibiti ne, lokacin da uwarsu ta kwanta jinya. Yaya ya ce a gaban mutane Auta ta waya take dubiya. Auta ta ce gara ita, wani kuwa hoto kawai yake zuwa ɗauka. Uwar ta warke, maganar ba ta warke ba. In wannan ya shigo gidan, waccan ta tuna tana da aiki. Tela ya yi nasiha, ya yi faɗa, ya yi fushin ƙarya, duk a banza. Abin yana cin sa ƙwarai. Yakan zauna a gaban keken ɗinkinsa ya kasa zura zare, yana tunanin ranar da za a ɗauke shi, 'ya'yansa biyu su zauna karɓar gaisuwa kowa da kusurwarsa.

To, kujerar bayan marigayiya ta lotsa a tsakiya. Duk mutum biyun da suka zauna a kai, ko sarki ne da ɓarawo, kafin a ci nisa sun gangaro kafaɗa da kafaɗa. A kan wannan rami Tela ya ɗora dukkan burinsa. Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin teku ba, yana so ya gani da iyalinsa kafin ido ya ƙare, kuma a motarsa ko a fasa. Babu wanda ya iya musa wa tsoho.

Ranar tafiya Auta ta zo da wata ƙatuwar kular abinci, ta dasa ta a cikin ramin, daram, kamar don ita aka yi shi.

Haka aka kama hanya. An ratsa duwatsu masu hanya kamar zaren da ya warware, an bi ta kan wata gada mai tsawon da har Uwargida ta rufe ido ta kama addu'a. An ga biranen bakin ruwa, da jiragen da kowanne ya kai unguwa guda, da itatuwan kwakwa jere a bakin gaɓa, da kasuwar kifin da warinta ya raka su har gari na gaba. Akwai wani tsohon gini mai tarihi da mutane ke zuwa daga ƙasashe don su gani. Su daga nesa suka gaishe shi, don filin ajiye motocinsa ba shi da gangare. A madadinsa sun ziyarci garejin bakanike a kusan kowane birni, kuma Tela na iya shaida cewa na bakin teku sun fi na gida iya girgiza kai.

Duk wannan kallo, ga irin hirar da marigayiya ta sha a kujerar baya.

"Baba, ka ce wa 'yarka ta ɗaga gilashi, iska na damuna."

"Mama, ki ce wa ɗanki gilashin nan rabonsa da ɗaguwa tun ina firamare."

Ko turi ba sa haɗuwa. In Yaya ya sa kafaɗa, Auta na gyaran ɗankwali. In Auta ta sa hannu, an kira Yaya a waya. Tela yana kallon su ta madubin da ya ɗaure da zare, zuciyarsa na ƙuna, yana nuna musu teku suna kallon tagogi daban-daban.

Ajali ya same ta a garin ƙarshe, wani kyakkyawan gari mai fararen gidaje da doguwar hasumiya mai fitilar da ke nuna wa jirage hanya. Gari ne shimfiɗe kamar tabarma. Tela ya zaga, ya sake zagawa, ko tudun tururuwa babu. Can sai ga shi: wani lafiyayyen gangare na siminti, mai faɗi, mai santsi, babu kowa a kai. Tunda yake bai taɓa ganin gangare mai kyan wannan ba. Ya saita hancinta ƙasa, ya sa dutse, ya tsaya yana yaba aikin. Ruwan yana can nesa, bayan wani dogon fili na jiƙaƙƙen yashi. Wasu masunta da ke gyaran koma suka yi ta ɗaga masa hannu suna kira. Shi ma ya ɗaga musu hannu biyu, ya ce wa Uwargida mutanen garin nan akwai son baƙi.

Rashin sani ya fi dare duhu. A garinsu Tela, kogi da damina yake cika, yana kuma ba da sanarwa tun da wata guda. Ba wanda ya taɓa gaya masa akwai ruwan da ke tafiya da safe ya dawo da rana kamar ma'aikaci. Bai kuma tsaya ya tambayi kansa ina wannan kyakkyawan gangare ya nufa ba, ko don wa aka gina shi.

Suna saman hasumiya, kowa na haki, Uwargida ta leƙa ƙasa.

"Baban Auta, waccan motar da ke wanka, ba ta yi kama da tamu ba?"

Kafin su sauko ruwa ya kai mata gwiwa. Gaba teku ne, saboda haka sai dai a tura ta baya, a hau tudu, abin da ba ta taɓa yi ba ko tana da ƙuruciya. Tela ya faɗa ciki, ya ɗaure zariya, ya sa giyar baya. Yaya ya shiga ruwa da takalmansa masu tsada, ya dafa hancinta, ya yi nishi. Ko gezau. Auta ta tsaya a bakin ruwa tana kallon yayanta shi kaɗai, igiyar ruwa na dukan bayansa. Sai ta jefar da jaka, ta tamke zani, ta shiga. Ba ta gama dafa motar ba wata igiyar ta kwashe mata ƙafafu. Yaya ya saki mota ya cafko hannunta.

"Riƙe ni, ke! Ba ki iya ruwa ba!"

"Kai ka iya ne? Tura, Yaya, tura!"

Ba Baba, ba Mama a tsakani. Tela ya ji da kunnensa, ya kuma gan su ta tsagaggen gilashin gaba, kai da kai, jiƙe sharkaf, suna yi wa juna tsawa. Hawaye suka zubo masa, bai ɓoye ba. Masu tsegumi na cewa duk tsawon lokacin ƙafarsa na kan birki. Iyalan suna musanta wannan ƙazafi da babbar murya, domin marigayiya ba ta taɓa jin maganar birki ba.

Ta yi tari sau ɗaya, tuf. Da ruwa ya taɓa wayoyinta, hon ya yi kuka da kansa, mbeeee, mai tsawo, mai ban tausayi. Daga nan sai bul, bul, bul. Masuntan nan masu son baƙi su suka zaro Tela ta taga, don zariya ta jiƙe, ƙullin ya ƙi kwantuwa. Da ruwa ya janye aka same ta a inda take, cikin natsuwa, da ƙaguwa zaune a kujerar direba. Bakaniken garin ya buɗe injin, ya rufe, ya ce sai haƙuri. Kular abinci kuwa teku ya tafi da ita, ba a kuma ji wanda ya yi cigiyarta ba.

A motar haya aka dawo. Yaya da Auta suka zauna kujera ɗaya, don a nan ne za su fi jin daɗin cin naman ubansu.

"Mutum ya ajiye mota a inda ake sauke kwalekwale, Auta! Har yana yaba siminti!"

"Bari kawai, Yaya. Ka ga yadda yake ɗaga wa masunta hannu kamar ɗan takara?"

Haka suka yi ta yi har gida, suna ƙyaƙyatawa, suna tafawa. Tela na bayansu da makullin da ba ya buɗe komai a aljihu, ya sunkuyar da kai kamar mai jin kunya. An yi masa waƙa ranar aurensa, an yaba ɗinkinsa a gaban manya, amma bai taɓa jin abin da ya yi masa daɗi kamar wannan zagi ba.

Marigayiya ta rasu ta bar mai ita, wanda ke kewarta da gaske, don ya saba da ita fiye da yadda ya saba da wasu 'yan'uwansa. Ta bar Uwargida, wadda ta ɗauki rashin da wani irin haƙuri mai ban mamaki, har an ji ta tana waƙa a kicin. Ta bar bakaniken unguwa, wanda shi ne ainihin marayan. Ta bar tayar ko-ta-kwana da ba ta taɓa sanin iska ba, da jarkar ruwa, da samarin layi da ta gina wa ƙirji kyauta.

An kawo gawar a bayan janwe, motar ɗaukar matattun motoci, kuma shaidu sun ce a wannan tafiya ce ta fara wuce wata mota a hanya. 'Yan gwangwan za su ɗauke ta ranar Asabar da hantsi daga ƙofar gida. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙarƙashin bishiyar da take kwana. Masu niyyar zuwa su yi wa Tela bayanin yadda teku ke cika yana janyewa, an gode, ya samu labari.

Yaya ne zai kawo kujeru, Auta za ta yi girki. Tun jiya suke faɗa a waya a kan inda za a kafa rumfa, ita ta kashe masa waya, shi ya sake kira. Saboda haka Tela yana da roƙo ɗaya ga duk mai zuwa ta'aziyya. In kun gan su tare, ku yi gaisuwarku ku wuce. Don Allah kada wanda ya ce musu barka da shiryawa. Ba su lura ba tukuna.